Fostar Siyasa a Gidan Tarihi: Gaskiya, Kyau da Alhaki

Baje kolin zanen siyasa wani nau'in nuni ne da gidajen adana kayan tarihi na manyan birane ke shiryawa, inda ake tattaro fastocin yaƙin neman zaɓe, kwalayen masu zanga-zanga, tutoci, bajoji, riguna masu rubutu, tambarin jam'iyyu da zanen barkwanci na jaridu, a jera su a bango ko cikin akwatin gilashi don masu ziyara su kalla. Kayan nan duka halinsu ɗaya ne: ba don a tsaya a kalle su a natse aka yi su ba. An yi su ne don su sa mutum ya aikata wani abu, ya jefa ƙuri'a, ya fito titi, ya shiga soja, ya ƙaunaci wani ko ya tsani wani. Daga nan tambayar falsafa take tasowa. Abin da aka ƙera don tunzura mutane, idan aka ciro shi daga titi aka kai shi ɗakin da ba a komai sai kallo, me ya zama? Kuma da wane ma'auni mai ziyara zai auna shi: na gaskiya, na kyau, ko na ɗa'a?

Misalin da ya fi fito da tambayar fili shi ne baje kolin da aka sa wa suna Hope to Nope, wanda Design Museum, gidan tarihin zane-zane da ke unguwar Kensington a Landan, ya buɗe ranar 28 ga Maris 2018, ya rufe ranar 12 ga Agusta. An tara abubuwa sama da 160 na shekaru goma, tun daga rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 har zuwa farkon wa'adin mulkin Donald Trump na farko, aka kasa su uku: zanen masu mulki, zanen masu bore, da zanen da ya shafi fitattun shugabanni. Mai ziyara yakan tarar da fostar Barack Obama ta 2008, da fastocin gwamnatin Koriya ta Arewa, da kayan zanga-zangar lema ta Hong Kong ta 2014, da kwafin ƙatuwar agwagwar roba mai ruwan ɗorawa da aka yi ta yawo da ita a Brazil lokacin boren ƙin Shugaba Dilma Rousseff, da kayan yaƙin ƙuri'ar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, har da wata na'ura mai siffar Trump da aka yi ta kamar ɗan duba a cikin akwati. Abubuwan da a waje ba sa ga maciji da juna, a nan suna maƙwabtaka a bango ɗaya, ƙarƙashin fitila ɗaya.

Fosta dai ƙirarta daban take da ta zanen da ake ratayawa a falo. Lokacinta ƙanƙani ne, daidai wucewar mai tafiya ko tsayuwar mota a danja, saboda haka mai tsara ta yakan rage komai: launi biyu ko uku, fuska ɗaya, kalma ɗaya ko jimla guda. Tun da aka ƙware a buga launi da yawa cikin araha a ƙarni na 19 ta zama makamin talla, Yaƙin Duniya na Farko kuma ya mayar da ita makamin gwamnati. A 1914 Alfred Leete ya zana Lord Kitchener, ministan yaƙin Birtaniya, yana nuna mai kallo da yatsa yana kiransa aikin soja. A 1917 James Montgomery Flagg ya ɗauki wannan tsari ya yi wa Amurka irinsa. A 1920 Dmitri Moor ya yi wa Rundunar Ja ta Rasha nata. Daular sarauta, jamhuriyar jari-hujja da gwamnatin kwaminis duk sun yi aiki da yatsa guda. Wannan ya nuna abu mai muhimmanci tun da wuri: dabarar zane ba ta da jam'iyya, tana bautar duk wanda ya ɗauke ta. A Arewacin Najeriya ma an san ƙarfin alama tun jamhuriya ta farko, lokacin da fartanya ta tsaya wa NPC, tauraro ya tsaya wa NEPU, kuma har yau akwai mai zaɓen da alamar jam'iyya yake nema a takardar ƙuri'a kafin ya dangwala, ba sunanta ba.

Tambaya ta farko ita ce ta gaskiya. Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a kan wannan amincewa da ido ne duk sana'ar take tsaye. Magana ana iya ƙaryata ta, domin tana da'awar wani abu: an ce kaza ya faru, a bincika a ga bai faru ba. Hoto kuwa ba ya furta da'awa. Yana ajiye abu ne a gaban ido, ya bar mai kallo ya ƙarasa maganar da kansa, sannan idan aka tuhumi mai hoton ya ce shi bai ce komai ba. Shi ya sa wasu ke ganin hoto ba ya ƙarya, sai dai a yi ƙarya da shi.

Misalai biyu daga Birtaniya sun isa a gwada wannan ra'ayi. A 1978 kamfanin talla na Saatchi & Saatchi ya yi wa jam'iyyar Conservative fosta mai nuna dogon layin mutane, ya miƙe ya lanƙwashe har ya ɓace, a ƙofar ofishin marasa aikin yi, da rubutun cewa jam'iyyar Labour mai mulki ta gaza. Mutanen ba marasa aiki ba ne. Magoya bayan Conservative ne daga unguwar Hendon, 'yan ƙalilan, aka ɗauke su hoto sau da dama aka harhaɗa har suka zama taro. Amma rashin aikin yi a lokacin gaskiya ne, ya haura mutum miliyan ɗaya. Hoton na bogi ne, abin da yake nuni gare shi kuwa yana nan. Margaret Thatcher ta Conservative ta ci zaɓe a 1979, kuma zuwa 1982 adadin marasa aikin ya wuce miliyan uku.

Na biyun kishiyar wannan ne. Ranar 16 ga Yuni 2016, mako guda kafin ƙuri'ar raba gardama kan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, Nigel Farage, ɗaya daga cikin jagororin masu neman ficewar, ya ƙaddamar da fosta mai nuna ɗaruruwan 'yan gudun hijira suna tafe a layi, da rubutun cewa abu ya kai maƙura. Hoton nan babu haɗi a cikinsa, wani mai ɗaukar hoto na kamfanin Getty ne ya ɗauke shi a watan Oktoba 2015. Sai dai a Slobeniya aka ɗauke shi, kusa da iyakarta da Kuroshiya, mutanen kuma ba a ƙofar Birtaniya suke ba. A nan hoton gaskiya ne, abin da aka sa shi ya faɗa ne ba haka yake ba. Idan aka ɗora biyun a sikeli, na biyun ya fi muni, ko da yake shi ne wanda ba a taɓa hotonsa ba, domin ya ɗauki wahalar mutanen da suka gudo daga yaƙi ya mayar da ita abin tsoratarwa. Ke nan ba a jikin hoto ake neman gaskiyar fosta ba, ana nemanta ne a cikin abin da aka shirya mai kallo ya fahimta.

Fostar Obama ta fi waɗannan wuyar hukunci, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Shepard Fairey ne ya yi ta. Launukanta ja, shuɗi mai duhu, shuɗi mai haske da ruwan madara. An rage fuskar zuwa faci-faci na launi, babu inuwa mai taushi, rabin bayan ja rabi shuɗi. Kan ya ɗan karkata, idanun sun ɗaga sama sun wuce kafaɗar mai kallo, kamar mutumin da ke hango wani abu mai nisa da sauran jama'a ba su gani ba tukuna. A ƙasa kalma ɗaya ce da manyan baƙaƙe, mai ma'anar fata. Asalin hoton da aka zana daga gare shi, Mannie Garcia ne ya ɗauka wa kamfanin dillancin labarai na AP a watan Afrilu 2006, a wani taro kan rikicin Darfur a Washington, Obama yana sanata, yana zaune yana sauraro. Duban mai sauraro ne aka mayar duban mai hangen nesa. Shin ƙarya ce? Ba ta ce wani abu ya faru ba. Alkawari ta yi, kuma alkawarin da ba a fayyace ba, kowa ya cika shi da abin da zuciyarsa ke so. Fairey da kansa ya faɗa a 2015 cewa Obama bai kai ga abin da fostar ta ɗora masa ba, ya ambaci jirage marasa matuƙa da leƙen asirin 'yan ƙasa. Shari'ar haƙƙin mallaka tsakaninsa da AP an sasanta ta a 2011, a 2012 kuma ya amsa laifin lalata wasu takardu da ƙirƙiro wasu don ɓoye ainihin hoton da ya yi amfani da shi.

Muhawarar ta girmi maɗaba'a nesa ba kusa ba. Aflatun ya ɗauki mai zane a matsayin mai kwaikwayon kwaikwayo, wanda ya yi nisa da hakikanin abu, ya kuma ɗauki fasahar lallashin jama'a a matsayin daɗin baki da ke neman abin da rai ke so, ba abin da zai amfane shi ba. Almajirinsa Aristotal bai yarda ba. A ganinsa ana shawo kan mutane ta hanya uku, ta halin mai magana, ta motsa zuciyar mai sauraro, da ta hujja, kuma abin kunya ne mai gaskiya ya kasa kare ta don ya raina waɗannan hanyoyi. Kowane abu mai amfani ana iya cutarwa da shi. Malaman falsafa na Musulunci sun ƙara wani abu mai zurfi. Farabi, wanda ya rasu a 950, da Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, sun yi bayanin irin zancen da ba ya neman a gaskata shi, sai dai ya dasa wata sura a zuciya, surar kuma ta motsa mutum ko da hankalinsa ya san ba haka abin yake ba. Misalin da Ibn Sina ya shahara da shi na zuma ne: a siffanta ta da wani abin ƙyama mai kama da ita a launi, sai ran mutum ya ja baya, alhali ya san zuma ce. Da wuya a samu bayanin aikin fosta da ya fi wannan. Akwai kuma hadisi sananne a Sahihul Buhari da ya danganta wani sashe na fasahar bayani da sihiri, kuma masu sharhi sun yi saɓani ko yabo ne ko zargi. Saɓanin nasu yana da tushe, domin abin yana da fuska biyu.

Matsayar da ta fi ƙarfi ita ce ta tsakiya, amma ba don gudun rigima ba. Motsa zuciya ba laifi ba ne, tunda mutum ba ya tashi ya yaƙi zalunci da lissafi kaɗai. Laifin yana zuwa ne inda tasirin ya dogara ga jahilcin mai kallo. Akwai gwaji mai sauƙi: a gaya wa mutum duk yadda aka yi hoton, inda aka ɗauke shi, abin da aka yanke, wanda ya biya kuɗin. Idan bayan ya sani fostar ta ci gaba da yi masa magana, to lallashi ne na halal. Idan ta rushe, da ma a kan rashin saninsa aka gina ta.

Tambaya ta biyu ta kyau ce, kuma ita ta fi damun mai ziyara mai tsoron Allah, domin yakan tsinci kansa yana yaba abin da ya ƙi. Immanuel Kant ya koyar a 1790 cewa hukuncin kyau na hakika shi ne wanda babu wata buƙata a cikinsa: a ji daɗin tsarin abu ba tare da tambayar amfaninsa ba. David Hume kuwa tun 1757 ya ce aikin fasaha da ya nuna mugun hali ba tare da alamar zargi ba, wannan naƙasu ne a jikin aikin kansa, domin mai kallo na kirki ba zai iya shiga cikin irin wannan ji ba. Fostar El Lissitzky ta lokacin yaƙin basasar Rasha, wadda jan kusurwa mai tsini ya huda farar da'ira, ana koyar da ita a makarantun zane a matsayin gwaninta, kuma gwaninta ce. Amma tsinin nan mutane yake nufi, kira ne a kashe ɓangare guda. A zaɓen shugaban ƙasar Jamus na 1932 an fito da fostar Hitler da babu komai a cikinta sai fuskarsa fara a kan baƙin fili da sunansa a ƙasa. Duk wanda ya san aikin zai ce an iya. Ludwig Hohlwein, ɗaya daga cikin gwanayen fosta na Jamus tun kafin Yaƙin Duniya na Farko, ya shiga jam'iyyar Nazi ya yi mata aiki, hannunsa bai ragu da komai ba.

Musun gwanintar ba ya taimaka wa kowa. Wanda ya ce farfagandar azzalumai duk mummuna ce ya rufe wa kansa hanyar gane dalilin da ya sa ta kama miliyoyi. Sai dai ra'ayin Kant, ko da ya yi daidai a kan fure ko kan adon bangon masallaci, bai dace da fosta ba. Gwanintar fosta ba ta da wata ma'ana sai ta iya kai mutum inda ake so. Girman baƙi, zaɓin launi, inda aka sa ido ya fara sauka, duk an auna su ne da wannan manufa. Wanda ya ce zai yaba tsarin ya bar manufar, ya yaba kaifin wuƙa ne ya ƙi duban wuyan da aka ɗora ta. Ana iya cewa an iya aikin kuma aikin mugu ne, a faɗi biyun a numfashi ɗaya. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a faɗi na farko a ɗauka an gama magana. Walter Benjamin, wanda ya rubuta a tsakiyar shekarun 1930 yana gudun hijira daga Jamus, ya yi gargaɗin cewa mulkin fasisanci yana mayar da siyasa abin kallo mai ƙayatarwa, jama'a su samu damar nuna kansu a fareti maimakon samun haƙƙinsu. Haɗarin gidan tarihi shi ne ya ƙarasa wannan aiki ba da niyya ba.

Wannan ya kai ga tambaya ta uku: me ɗakin nuni yake yi wa abin da aka shigo da shi? Masu yin fastocin bore sun daɗe da sanin amsar, kuma ba ta yi musu daɗi ba. A watan Mayu 1968 ɗalibai da masu zane suka mamaye makarantar fasaha ta Beaux-Arts a Paris, suka kafa ɗakin buga fastoci na jama'a. Ba a sa sunan kowa a jikin aiki, taro ne ke zaɓar zanen da za a buga, da dare a buga, da safe a manna. Sun bayyana ƙarara cewa fastocinsu makamai ne, wurinsu titi da bangon masana'anta, kuma mayar da su kayan ado ɓata su ne. Yau ana gwanjonsu, kuma a 2018 makarantar da suka mamaye ita ce ta baje su don cikar shekara 50. Ƙungiyar Medu, ta masu fasahar Afirka ta Kudu da suka yi hijira zuwa Gaborone a Botswana, ta riƙa buga fastocin yaƙi da wariyar launin fata ana tsallakar da su iyaka a ɓoye. Ranar 14 ga Yuni 1985 sojojin Afirka ta Kudu suka kai farmaki Gaborone suka kashe mutum 12, cikinsu har da mai zane Thami Mnyele. A 2019 aka baje fastocin Medu a gidan fasaha na Chicago. Takardar da riƙe ta kan iya kai mutum kurkuku ta zama abin da ake kiyayewa daga danshi da hasken rana.

An yi asara a nan, babu shakka: haɗari ya tafi, gaggawa ta tafi, wanda aka yi kiran dominsa ba shi ne ke tsaye a gabanta ba. Amma an samu abin da titi ba ya bayarwa, wato lokaci. Abin da aka tsara don ya wuce ta gaban hankali da gudu, a nan an tsayar da shi, ana iya dubansa minti goma, a karanta wanda ya yi shi, a kwatanta shi da na abokin gabarsa da ke gefe. Gwajin da aka ambata a baya, na sanin yadda aka haɗa hoto, a gidan tarihi ne ya fi yiwuwa. Dokar Jamus ta fahimci wannan: ta haramta nuna alamomin Nazi a bainar jama'a, amma ta keɓe ilmantarwa, bincike da fasaha. Gidan tarihin kisan ƙare-dangin Yahudawa da ke Washington ya buɗe nuni na musamman kan farfagandar Nazi a 2009, inda aka haɗa fastocin da bayanin abin da suka haifar. Duk nauyin ya koma kan ɗan rubutun da ke gefen hoto, da kan wanda ya rubuta shi.

Kuma ɗakin nuni shi kansa yana iya zama fosta. A watan Yuli 1937 gwamnatin Nazi ta buɗe baje koli a Munich na ayyukan fasahar zamani wajen 650 da ta kwashe daga gidajen tarihin ƙasar, ta cunkushe su a karkace, ta rubuta zagi a bango, don jama'a su zo su yi dariya su tsani masu su. Mutum sama da miliyan biyu suka shiga. A watan Nuwamba na shekarar aka buɗe wani a birnin don cusa ƙin Yahudawa. Zaɓin abin da za a rataya, da tsarin jerawa, da abin da aka bari a ɗakin ajiya, duk magana ce.

Saboda haka da'awar cewa gidan tarihi ba ya da ɓangare tana buƙatar bincike, kuma baje kolin Landan ya jarraba ta a aikace. Ranar 17 ga Yuli 2018, nunin yana ci, gidan ya ba da hayar zaurensa ga kamfanin Leonardo na Italiya, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera makamai a duniya, don wata liyafa a makon baje kolin jiragen sama na Farnborough. Masu zane da ƙungiyoyi da dama da ayyukansu ke rataye a ginin, cikinsu har da Fairey, suka nemi a ba su kayansu. Hujjarsu ita ce, ba daidai ba ne gida ya yi suna da nuna ayyukan masu adawa da yaƙi, sannan ya karɓi kuɗin masu sayar da kayan yaƙi. Shugabannin gidan suka amsa cewa liyafar ta haya ce, ba su suka shirya ta ba, ba ta nufin goyon baya. Suka ƙara da cewa su cibiyar ilimi ce da ba za ta ɗauki matsayin siyasa ba. Kuma kaso kaɗan ƙwarai na kuɗinsu ke fitowa daga gwamnati. A farkon Agusta aka kwashe kusan kashi ɗaya cikin uku na kayan, aka manna sanarwa a gurabensu, aka kuma cire kuɗin shiga har ranar rufewa. A watan Satumba masu ayyukan suka baje su da kansu a unguwar Brixton, kyauta.

Kowane ɓangare yana da abin riƙo. Gidan ya yi gaskiya cewa idan sai wanda aka yarda da ra'ayinsa za a nuna, ba za a taɓa haɗa fostar Koriya ta Arewa da ta masu bore a ɗaki ɗaya ba, jama'a kuma su yi asarar kwatancen. Amma ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Rashin ɓangare wajen nuni wani abu ne, karɓar kuɗi wani abu ne daban. Wanda ya zaɓi mai hayarsa ya riga ya zaɓa, ko ya kira shi siyasa ko ya kira shi kasuwanci. Abin da masu zanen suka tabbatar ya fi rigimar girma: ayyukan da aka ɗauka sun zama tarihi ashe ba su mutu ba, masu su suna raye, kuma ciro su daga bango ya zama sabon aikin siyasa.

Saura tambayar alhakin mai zane. Da yawa cikin masu sana'ar suna cewa su 'yan kwangila ne, saƙon na mai biya ne. A 1964 Ken Garland da wasu abokan aikinsa a Birtaniya suka fitar da takardar kira ga masu zane da su karkatar da gwanintarsu ga abin da ya fi amfanar jama'a maimakon tallan kayan masarufi kawai, aka sabunta kiran a 1999. Kotuna ma sun shiga maganar. An rataye Julius Streicher, mai jaridar Der Stürmer, a Nuremberg a 1946 saboda tunzura jama'a ga kisan Yahudawa, alhali ba shi ya jagoranci sansanonin kisan ba; mai yi masa zanen barkwanci, Philipp Rupprecht, an ɗaure shi, aka sake shi a 1950. Kotun duniya kan Ruwanda ta samu Hassan Ngeze, mai jaridar Kangura, da laifi a 2003, kuma cikin hujjojin har da bangon wata fitowa ta 1991 mai hoton adda kusa da tambayar makamin da za a yi amfani da shi.

Fiƙihun Musulunci yana da babi da ya dace da wannan, wanda aka gina kan hanin taimakekeniya a kan saɓo da ke farkon Suratul Ma'ida. Malikiyya da Hambaliyya sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi, da sayar da makami lokacin fitina. Abu Hanifa ya sassauta a kan ruwan inabi, domin saɓon ba ya aukuwa da shi sai ya canza ya zama wani abu, amma bai sassauta a kan makami ga 'yan fitina ba, domin shi da kansa ake ɓarnar. Bisa wannan rarrabewa, mai sayar da takarda da tawada yana nesa da laifi, mai tsara fostar ƙiyayya kuwa yana kusa, domin abin da ya fito daga hannunsa ba ya jiran wani canji kafin ya yi aiki.

Intanet ta rikita wannan lissafi ta wata fuskar, kuma gidajen tarihi ba su gama sanin yadda za su yi da ita ba. Joachim Roncin ya tsara tambarin nuna alhini ga jaridar Charlie Hebdo jim kaɗan bayan harin 7 ga Janairu 2015, ya sa a Twitter, kafin dare ya fita daga hannunsa. Kwaɗon Pepe, wanda Matt Furie ya zana a 2005 don barkwanci marar siyasa, masu tsattsauran ra'ayin wariya a Amurka suka ɗauke shi har aka sa shi cikin jerin alamomin ƙiyayya a 2016, sannan a 2019 masu zanga-zangar Hong Kong suka ɗauke shi alamar neman 'yanci. Furie ya kai ƙarar shafin Infowars kan amfani da zanen, aka sasanta a 2019. A irin wannan yanayi niyyar mai zane ba ta iya tsare ma'anar aikinsa, kuma babban rabon alhakin yana komawa kan masu sauya hoton da masu tura shi gaba, waɗanda yawancinsu ba a san sunansu ba. Mai shirya nuni da ya buga irin wannan hoto ya rataya dole ya zaɓi siga ɗaya cikin dubbai, ya zaɓi shekara da ƙasar da zai danganta ta gare su, ya kuma yanke shawarar sunan da zai rubuta a gurbin mai aikin.